Barbie Cikin Atamfa

'Yar tsanata daga kayan gwanjo ta fito, ba ko ƙyalle a jikinta, gashi duk ya cukurkuɗe, dugaduganta a ɗage don an ƙera ƙafar ne saboda takalmi mai tsini. Sai da na girma na san asalinta. Barbie ce, wadda Ruth Handler ta kamfanin Mattel ta fito da ita a Amurka a 1959, sanye da rigar iyo mai ratsin baƙi da fari, a kan dala 3. A Japan aka riƙa ɗinka tufafinta na farko, har da ɗan zif da maɓallai, kuma daban ake sayar da su. Wayon kasuwa ke nan.

Mu kuwa, ni da yayata, shagon telan unguwa muke zuwa tsintar ƙyallaye mu ɗinka wa 'yar tsanar kaya. Zani ba wuya. Riga ce aiki, don ƙugunta siriri ne ainun, ɗinkin hannun yarinya kuma ba ya bin lanƙwasa. Ɗankwali kullum zamewa yake, sai mun soke shi da allura. Yayata ta fi ni iya ɗinki, amma rowar zare gare ta, sai dai in warware na tsohuwar hular Baba.