Mayen da ya ƙi a kira shi ɓarawo

Yau fim zan tallata muku, musamman abokan hirata na nan Keffi. Sunansa El Conde, ɗan ƙasar Chile Pablo Larraín ne ya ba da umarni, ya fito a Netflix a 2023. Fim ne na ban tsoro, na masu shan jini, amma dariyar da za ku yi ta fi tsoron yawa. Irin dariyar nan ce da in ka gama sai ka ji ɗaci a baki.

Ga yadda abin yake. Janar Augusto Pinochet ya yi juyin mulki a Chile ranar 11 ga Satumba, 1973, ya riƙe ƙasar har 1990. An kashe ko an ɓatar da mutum sama da 3,000 a zamaninsa. Ya mutu a 2006 yana da shekara 91, babu kotun da ta yanke masa hukunci. To sai mai fim ya ce ai bai mutu ba, likimo ya yi. Wai mai shan jini ne ɗan shekara 250, tun juyin juya halin Faransa yake yawo, yanzu ya ɓuya a wani kangon gidan gona, in dare ya yi sai ya saka kakinsa ya tashi sama kamar jemage. Zuciyar mutane yake cirewa, ya jefa a injin markaɗe, ya kwankwaɗe kamar kunun aya.

Kuma wai ya gaji da duniya, mutuwa yake so. Me ya dame shi? Ba kisan da ya yi ba. Soja ne, a ce masa mai kisa bai ga laifi ba. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne an ce masa ɓarawo! Wannan kuwa yana da tushe, don a 2004 binciken majalisar dattawan Amurka ya bankaɗo miliyoyin daloli da ya ɓoye a bankin Riggs, kuma a nan ne wasu masoyansa da suka yafe masa jini suka fara juya masa baya.

Inda fim ɗin ya fi daɗi shi ne zuwan 'ya'yansa biyar. Sun ji tsoho zai mutu, suka taho, ba don jinya ba, don a nuna musu inda kuɗi suke. Kowa na gaishe shi yana ƙirga kwanakinsa. Suka ɗauko wata 'yar coci da ta iya lissafi ta bi musu takardu, ita kuma da nata nufin a zuci. Duk wanda ya taɓa zaman rabon gado ya san waɗannan fuskokin.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan fage. Mayen Turawa wuya yake ciza ya sha jini, namu kurwa yake kamawa, mutum ya yi ta ramewa ba a ga ciwo ba. Ni a ganina namu ya fi kama da ɓarawon gwamnati, don shi ma ba a ganin haƙorinsa, sai dai a ga asibiti ba magani. Sannan ku tuna abin da tsofaffi ke faɗa, wai maitar da aka sha a nono ita ce mai ƙarfi. Ku riƙe wannan har ƙarshen fim, lokacin da za ku gane matar da ke ba da labarin da Turancin Ingila. Ba zan faɗi sunanta ba.

Na san inda gardama za ta ɓarke a majalisarmu. Wani zai ambaci Janar Sani Abacha, da dala miliyan 321 da Suwizalan ta dawo wa Najeriya da su, da wasu miliyan 311 da suka biyo baya a 2020, shekara 22 bayan rasuwarsa. Wani kuma zai miƙe ya ce ba don Abacha ba da har yanzu Jos muke zuwa neman takarda, tunda shi ya ƙirƙiro jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba, 1996. Duka biyun sun faru. Pinochet ma har gobe yana da masu cewa shi ya gyara tattalin arzikin Chile. Dalilin da ya sa nake so mu kalla tare ke nan, don da yake Janar ɗin na wasu ne, kowa zai yi dariyarsa son ransa kafin ya lura da wanda yake yi wa.

Yana da aibu. Tsakiyarsa na jan ƙafa, kuma da Sifaniyanci ake yawancin maganar, sai an bi rubutun ƙasa. Baƙi da fari ne hotonsa, kada wani ya ce wayarsa ta lalace. Wannan hoton ne ya kai Edward Lachman takarar Oscar, labarin kuma ya ci kyauta a bikin finafinai na Venice. Akwai jini sosai, akwai wurin da bai dace a kalla da yara ko gaban surukai ba. Bai kai awa biyu ba. A cika caji tun da rana saboda halin wuta, kuma mai raunin zuciya ya ci tuwonsa kafin a kunna.