Fuskar Baba cikin hazo

Ranar da aka ɗaura auren ƙanwata a Maraɗi, ni aka ɗora wa ɗaukar bidiyo, domin ina da kamara irin ta hoto, wadda ake sayarwa haɗe da idonta mai araha, zum na milimeta 18 zuwa 55.

Wani tsohon ma'aikacin talabijin ya taɓa koya mini dabararsu: ka jawo fuskar mutum kusa da zum, ka saita har ta fito tangaran, sa'an nan ka mayar da zum ɗin baya. Gaskiya ya faɗa, amma ga nasu idon mai tsada, wanda ke riƙe saiti daga farkon zum zuwa ƙarshensa. Mafi yawan masu araha ba su da wannan hali. Da ka murɗa zum, saitin ya goce.

Bayan magariba, kafin a kai amarya, Baba ya kira ta zaure don ya yi mata nasiha. Kunya ta hana ni matsawa kusa da dattawa, sai na tsaya bakin ƙofa na murɗa zum har 55. Nan na yi asara uku. Irin wannan ido, ƙofar haskensa tana tsukewa daga 3,5 zuwa 5,6, wato hasken da ke shiga bai kai rabin na farko ba, ga zauren da ƙwai guda ke ci. Rawar hannu kuwa, duk yadda ka jawo abu kusa, haka take ƙaruwa. Injin saitin ma, da duhu ya ruɗe shi, ya dinga kai da kawo yana neman fuska, har ƙugin motarsa ya shiga cikin sauti.

Da na sani ƙeya ce. Taku huɗu kawai ya kamata in yi, in bar zum a 18, in kashe saitin inji in daidaita da hannu, in manna gwiwoyin hannuna a haƙarƙari.

Allah ya yi wa Baba rasuwa da damina ta zagayo. Muryarsa tana nan cikin bidiyon, kalma bayan kalma. Duk lokacin da ƙanwata ta zo gida sai ta ce: «Yaya, sa mini Baba.» Ta kan zauna ta rufe ido, ta saurara. Ba ta taɓa yi mini maganar hoton ba.