Mubi: Garin Da Ke Raka Majiyyacinsa

Matafiyin da ya tashi daga Yola ya nufi arewa, idan ya wuce Girei da Song da Gombi da Hong, ya karya kwana a Mararrabar Mubi, zai ga duwatsun Mandara sun tsaya a gabansa kamar ganuwa. A gindinsu garin Mubi yake, a bakin kogin Yedzaram, dab da iyakar Kamaru, kimanin kilomita 200 daga babban birnin Jihar Adamawa. Fulani da Gude da Fali da Nzanyi da Margi da Higi da Hausawa duk suna cin kasuwa ɗaya, kasuwar shanunsa kuwa ta yi suna har bakin teku.

Gari ne da ya ga jiya ya ga yau. Jamusawa sun mulke shi, Ingilishi suka karɓa, sa'an nan bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya zama hedkwatar Lardin Sardauna a cikin Nijeriya. A watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka mamaye shi, jama'a suka watse cikin duwatsu da ƙafa, wasu har Kamaru, kafin a ƙwato shi a watan Nuwamba. Mutumin da ya taɓa kwana a zauren wanda bai sani ba, ya sha ruwan randarsa, ba ya manta darajar taimako.

Da asuba, yayin da manyan motoci ke lodin shanu zuwa kudu, akwai wani irin fasinja da akan gani a tasha. Ba ya da kaya sai 'yar jaka mai ɗauke da takardun asibiti, ga wani ɗan'uwa riƙe da hannunsa. Wannan shi ne mai ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara. Hanyar nan da baƙo ya biyo don ganin gari, ita yake bi a juye don neman rai.

Dalilin tafiyar kuwa shi ne, maganin wannan ciwo hawa-hawa ne. Da farko sai an yanki 'yar tsoka an auna, a tabbatar da irinsa. Daga nan wani a yi masa aiki, wani a sa masa ƙarin ruwan magani mai ƙarfi, sau da yawa bayan kowane mako uku, wanda ke zubar da gashi, ya hana cin abinci. Wani kuma sai an kai shi ga na'urar da ke ƙona ciwon da haske, wadda ƙalilan ce a duk ƙasar nan. Saboda haka mutumin Mubi kan sami kansa a Yola ko Gombe ko Maiduguri, wani lokaci har Shika ta Zariya ko Abuja. Ba shi kaɗai ba ne, domin ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta 2022 ta nuna sama da mutum 120,000 ne suka kamu a Nijeriya a shekara guda, sankarar mama ce kan gaba. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun tallafa wa marasa ƙarfi a asibitoci shida, cikinsu har da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Amma asusu ba ya biyan kuɗin mota, ba ya kuma dafa wa yaran da aka bari a gida tuwo.

A nan ne unguwa take shigowa. A ce mace ce a Kolere ko Lokuwa ko Shuware. Ranar da labari ya fita, matan adashinta sukan ba ta kwasar da ba tata ba, su ce ta biya in ta miƙe. A masallaci akan yi sanarwa bayan salla, a coci kuma zumuntar mata ta zaga da faifai. Miji ya kai sa kasuwa, dillali ya yafe ladarsa. Direba ya ajiye mata kujerar gaba saboda ramukan hanya. Wani ɗan gari da ke aiki a Gombe ya share mata ɗaki. Maƙwabciya ta kwashe yara, ta kuma dama kunun gyaɗa, domin shi kaɗai ke zama a cikinta bayan ƙarin ruwa. Haƙiƙa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai waɗanda suka daɗe da wannan ciwo sun san wani abu da mai lafiya bai sani ba. A makon farko gida yakan cika, takalma har ƙofar zaure. Bayan wata shida kuwa, sa'ad da gashi ya zube, kuɗi ya ƙare, sai ƙafa ta ɗauke. A lokacin ne majiyyaci yake sanin nauyin mutum guda da ya ci gaba da zuwa, ya zauna bakin tabarma, ya ba shi labarin farashin shanu da ruwan da aka yi a Gella, bai dube shi da idon ta'aziyya ba. Kuɗi yakan kai mutum asibiti, amma irin wannan zama shi ke sa ya yarda ya koma karo na biyar.

Akwai kuma wurin da ƙauna take yin ɓarna. Har yanzu akan ji ana cewa daji ba ya son allura, ba ya son wuƙa, sai 'yan'uwa su ɓoye majiyyaci a ɗaki, a yi ta jiƙe-jiƙe har ciwo ya fashe. Alhali kuwa likitoci sun tabbatar sankarar mama da ta bakin mahaifa suna jin magani ƙwarai idan an tare su da wuri. Tun Oktoba na 2023 ma aka fara yi wa 'yan mata allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa kyauta. Gudummawar da ta fi kowace, watau ita ce a raka mutum asibiti ranar da ya fara jin ƙullutu.

Da almuru, idan rana ta jajanta kan duwatsu, motocin Yola sukan shigo gari ɗaya bayan ɗaya. Majiyyaciya ta sauko a hankali, ta tarar yaro na jiranta da keke mai ƙafa uku, an riga an biya. A gida an share ɗaki, kunu na kan wuta. Saura mako uku a sake ɗaukar hanya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri, amin.