Rimot ɗin tele da tsoffin wasannin yara

Ya kai mai karatu, in da tele a gidanka ko a gidan maƙwabcinka, to ka san ɗan abin nan mai maɓallai da ake riƙewa a hannu. Wasu suna ce masa rimot, wasu telekomand. Yau a kansa zan yi maka magana, da kuma akwatin wasan da yaranmu suke liƙa wa tele. Ni malamin yaƙi da jahilci ne a ƙasar Malbaza. Magidanta da yawa sun tambaye ni: "Malam, hannun wasan yara ya lalace, shin rimot zai iya maye gurbinsa?" Tambaya ce ta kuɗi, don haka ta cancanci amsa.

Mu fara da shi kansa rimot. Wani kamfanin Amurka mai suna Zenith ya fito da shi a shekarar 1950. A lokacin da igiya yake, doguwa, daga hannun mutum har zuwa tele. A 1955 suka yi marar igiya. Irin wanda muke da shi yanzu da haske yake aiki. A bakinsa akwai ƴar ƙaramar fitila. In ka danna maɓalli, sai ta yi ƙyaf-ƙyaf da sauri. Kowane maɓalli da irin ƙyaftawarsa, kamar yadda kowane sarki yake da takensa. A gaban tele kuma akwai ɗan ido mai karanta saƙon.

Idon ɗan Adam ba ya ganin wannan haske. Amma ga dabara. Ka buɗe kamarar wayar salula, ka saita bakin rimot gare ta, ka danna. A yawancin wayoyi za ka ga fitilar tana walƙiya. In ba ta yi ba, ka fara canza batir tukuna. Kada ka yi saurin sayen sabo.

Yanzu sai akwatin wasa. Wasannin nan da yara ke so ba na jiya ba ne. Da yawansu sun girme ni. An yi Pac-Man a Japan a 1980, watau shekara ɗaya bayan buɗe Tele Sahel a Yamai. An yi Tetris a birnin Mosko a 1984. Shi kuma Super Mario, ɗan gajeren nan mai gashin baki da jar hula, kamfanin Nintendo ya fito da shi a 1985. Yau ana tara ɗaruruwan irinsu cikin ɗan akwatin da bai kai tafin hannu ba. Ana samunsu a kasuwar Ƙonni da wajen masu kayan lantarki na bakin iyaka.

Akwatin yakan daɗe. Abin da ke saurin mutuwa shi ne hannun wasan, wanda yara ke kira manet. Ƙura ta shiga, yara su ja igiyar, maɓalli ya nutse. Sai a zo ana yi wa maigida kuka.

To, rimot zai iya? Ka lura da kyau. Rimot da tele yake magana. Akwatin wasa ba ya jin maganarsa, sai in tele ta zama ɗan aike tsakaninsu. Hanyar aiken kuwa ita ce igiyar da ta haɗa su.

Igiya iri biyu ce. Akwai ta da, mai kai uku: rawaya, fari da ja. Wannan hoto da murya kaɗai take ɗauka, daga akwati zuwa tele. Ba ta mayar da saƙo baya. In ita gare ka, rimot ba zai taɓa motsa wasa ba, ko da wa ya rantse maka. Akwai kuma ta zamani, mai kai guda, mai faɗi. Ka leƙa bayan tele, za ka ga an rubuta haruffa huɗu kusa da raminta: HDMI. A cikin wannan igiya akwai siririyar waya guda wadda aikinta kai umarni. Sunan wannan hanya CEC. Kowane kamfani da sunan da ya sa mata: Samsung sun ce Anynet+, LG sun ce SimpLink, Sony sun ce Bravia Sync. Sau da yawa a rufe take zuwa, sai an shiga tsarin tele an buɗe ta.

Sharaɗi biyu ke nan: tele ta san hanyar, akwatin ma ya san ta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. PlayStation 2 ta shekarar 2000, wadda ta cika gidajen wasa, ba ta da ramin HDMI. PlayStation 3 siririya ta 2009 tana da shi, kuma tana jin rimot.

A gidanmu mun gwada. Ƙanena mai gyaran waya ne. Ya samo wata ƴar kwamfuta mai suna Raspberry Pi, wadda aka fara sayarwa a Ingila a 2012, ya zuba mata tsoffin wasanni. Da manet ɗin ya lalace, sai ya zauna da yamma ya daidaita ta da rimot. Ga abin da muka gani.

Wajen zaɓen wasa, rimot ya yi daidai: sama, ƙasa, hagu, dama, sai na tsakiya. Pac-Man ma ya yiwu, don hanya huɗu kawai yake bi, ko da yake akwai ɗan jinkiri. Amma da aka zo kan Mario sai yara suka ɓata fuska. Mario yana bukatar gudu da tsalle a lokaci guda, watau maɓalli biyu tare. Rimot kuwa saƙo ɗaya yake aikawa, sai ya gama ya aika wani. Mario ya yi ta faɗawa rami. Saboda haka rimot na wasan natsuwa ne, irin mai kama da dara. Wasan tsere da na ƙwallo sai da manet.

Wanda ya ci ribar abin shi ne mahaifinmu. Da can in yara sun fara wasa, sai ya koma waje kan tabarma, don manet ba abin hannunsa ba ne. Rimot kuwa ya saba da shi wajen labarai. Jikarsa ta ce: "Kaka, ga naka, danna nan." Ya gwada Tetris, inda ake jera tubala suna faɗowa daga sama. Ya yi dariya ya ce: "Ai wannan gini ne, na yi shi da laka tun ba a haifi ubanki ba." Tun daga ranar yana zama tare da su.

Akwai wani amfani kuma. In an haɗa su ta wannan hanya, maɓallin nan ja da ke kashe tele yakan kashe akwatin da ya san umarnin. Kuma da rimot ake komawa daga wasa zuwa labarai. Ashe linzamin yana hannun babba. In lokacin salla ya yi, ko na karatun lakkwal, ko na kai wa dabbobi ruwa, dannawa ɗaya ta isa. Wuta ma ba kyauta ba ce. Ko da aka buɗe tashar hasken rana ta Malbaza a 2018, ƙauyuka da yawa da ɗan faranti da batir suke kallo. Abin da wasa ya sha da rana, shi za a rasa da dare.

Don haka, ɗan'uwa, kafin ka fitar da kuɗin albasarka, ka yi abu uku. Ka leƙa bayan telenka ka nemi haruffan nan huɗu. Ka tafi kasuwa da sunan telen a rubuce a takarda. Ka ce wa mai kaya ya gwada da rimot a gabanka, don gani ya kori ji. In abin ya yi, madalla. In bai yi ba, sayen manet guda ya fi sayen sabon akwati sauƙi.

Allah ya sa albarka cikin abin da muke saya, ya shirya mana zuriya.