Tallar Hajar da Ba ta Kasuwa

Kowane ɗan kasuwa ya san yadda ake tallar kayan da ke shimfiɗe a gabansa. Amma masu ƙera akwatin talabijin a Amurka, zamanin yaƙin Hitila, sun yi fiye da shekara uku suna tallar abin da ba su da shi na sayarwa.

Ga yadda abin ya faru. A watan Afrilu na 1939 kamfanin RCA ya nuna wa jama'a talabijin a wani babban bikin baje koli na duniya a birnin New York. Kuɗin akwati guda daga dala 200 ne zuwa 600, alhali kuwa ƙaramar mota sabuwa ba ta kai dala 1,000 ba, saboda haka sai masu hali ke saye. Ran 1 ga Yuli, 1941, hukuma ta yarda a riƙa sa talla a talabijin. A ranar nan kamfanin agogo na Bulova ya biya dala 9 aka nuna agogonsa kafin wasan ƙwallo.

Ciniki ya fara tasowa ke nan, sai Japan ta kai wa Amurka hari a Disamba. A Afrilu na 1942 gwamnati ta hana ƙera rediyo da talabijin don mutanen gari, ma'aikatun suka koma yin kayan soja.

To, ina dabara? Wanda ya bar bakin kasuwa, wani ya gaje masa rumfa. Don gudun kada a manta da su, kamfanoni irin su DuMont da RCA da General Electric suka ci gaba da sayen fili a jaridu da mujallu. Sai ka ga hoton iyali sun kewaye akwati suna kallo, a ƙarƙashi an rubuta cewa a ba gwamnati rancen yaƙi yanzu, in an zauna lafiya a karɓi kuɗin a sayi talabijin. Wato alkawari suke sayarwa, mutane kuwa suna biya da haƙuri.

Wannan ba ƙaramar kasada ba ce, gama magidanci ya tara guminsa ne bisa maganar wanda hannunsa ba kome. Da yaƙi ya ƙare a 1945 aka koma ƙira, RCA ya fito da sabon akwati a 1946. Kafin ƙarshen 1955 fiye da rabin gidajen Amurka suna da talabijin.

Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Talla ta riƙe wa kamfanonin nan sunansu lokacin da kantuna suke wayam, amma abin da ya ba su kasuwa shi ne, ran da mai saye ya zo da kuɗinsa, ya tarar da akwatin a kan kanta.