Mai Gadin Ƙofa A Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin tace labarai ya san rabin aikin jarida zubarwa ne. Wakili zai aiko da shafi huɗu, a buga rabin shafi. Mai ɗaukar hoto zai dawo da hotuna ɗari biyu, a zaɓi guda. Tun muna makaranta, sa'ad da mu ke neman difloma a aikin jarida, aka karantar da mu labarin wani Ba'amurke mai suna David Manning White, wanda a 1950 ya buga binciken da ya yi a kan editan wata jarida, ya sakaya sunansa, ya kwatanta shi da mai gadin ƙofa. Ya sa editan nan ya riƙa ajiye duk labaran da ya ƙi bugawa har mako guda, yana rubuta dalilinsa. Da aka ƙidaya, sai aka tarar wajen kashi tara cikin goma na abin da kamfanonin dillancin labarai suka aiko ba su ga shafin jarida ba.

To, a yau akwai wani mai gadin ƙofa da ba a koya mana labarinsa ba a aji, alhali kuwa amanar mutane da yawa tana hannunsa. Shi ne 'yan layukan nan da ake rubuta wa kwamfuta, ana gaya mata fayilolin da za ta kwasa da waɗanda za ta bari idan ana daidaita ajiyar wata kwamfuta da ta wata.

A ofishinmu, kula da wannan aiki ya faɗo kaina ne don kawai ni ne mai yawan tambaya. Kowane wakili yana da jakar aikinsa a kwamfutarsa, cike da rubuce-rubuce da hotuna da muryoyin hira. Akwai kuma babbar kwamfuta a ofis, wadda mu ke kira rumbu, inda editoci da masu tsara shafi su ke ɗibar abin da su ke bukata. Kowace yamma sai a daidaita jakar wakili da rumbun, wato a kwashe abin da ya ke sabo ko wanda aka sake, a kai can. Manhajar da mu ke aiki da ita sunanta rsync. Mutum biyu ne suka ƙago ta a ƙasar Ostireliya, Andrew Tridgell da Paul Mackerras, suka fito da ita a 1996, kuma kyauta ce ga kowa. Cikin hikimarta, takan duba girman fayil da lokacin da aka taɓa shi, in ba abin da ya sake ta wuce shi. In kuwa ya sake, kuma ta hanyar intanet ake aikawa, sai ta aika da ɓangaren da ya sake kaɗai. Wanda ya ke sayen data da kuɗin aljihunsa, kuma ya ke tsere da ɗaukewar wutar lantarki, ba sai an gaya masa amfanin wannan ba.

Amma fa rsync ba ta san kunya ba, ba ta san sirri ba. In ka nuna mata jaka, duk abin da ke ciki za ta kwashe, da hatsin da ƙaiƙayin. Ga tarkacen da na'ura ke haifarwa da kanta, irin su Thumbs.db na Windows da .DS_Store na Mac. Ga hotunan bikin sunan ɗan wakili. Ga kuma abin da ya fi waɗannan duka nauyi: muryar wani ƙaramin ma'aikaci da ya yarda ya yi magana a kan kuɗin da aka karkatar, bisa alkawarin ba mai jin muryarsa sai wanda ya yi hira da shi. Ƙa'idojin aikin 'yan jaridun Nijeriya da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun wajabta mana ɓoye majiyar da ta ba mu labari a asirce. Hausawa ma sun riga sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. To, ina amfanin ɗan jarida ya kame bakinsa, in kwamfutarsa za ta kai muryar majiyarsa rumbun da mutum ashirin ke buɗewa?

Maganin wannan shi ne rariya. Ana rubuta ta a ɗan ƙaramin fayil, ƙa'ida guda a kowane layi. Layin da ya fara da alamar tarawa yana nufin a shigar, wanda ya fara da alamar ɗebewa yana nufin a bari a waje. Ga irin wadda na ke ba wakilanmu:

- /sirri/
- ~$*
+ */
+ *.docx
+ *.jpg
+ *.mp3
- *

Mai karatu, kada waɗannan alamomi su razana ka, ba su kai lissafin dokin rano wuya ba. Tauraro yana tsaya wa kowane jerin baƙaƙe, amma ba ya tsallaka daga jaka zuwa jakar da ke cikinta. In ana son ya tsallaka sai a rubuta taurari biyu. Karkatacciyar sanda in ta zo a ƙarshen suna, tana nufin jaka kaɗai ake magana, ban da fayil. In ta zo a farkon suna, tana nufin wanda ke bakin ƙofar babbar jakar da ake kwasa, ban da mai irin sunansa a can ciki. Saboda haka layin farko yana cewa a bar jakar sirri a inda ta ke. Na biyu yana korar 'yan fayilolin wucin gadi da Microsoft Word ke ajiyewa sa'ad da takarda ta ke buɗe. Na uku yana buɗe ƙofar sauran jakunkuna. Uku na bayansa suna shigar da rubutu da hoto da murya. Na ƙarshe ya ce duk saura a waje.

Babbar ƙa'ida, wadda in mutum ya kama ta ya kama kan zaren, ita ce wannan: rsync takan ɗauki sunan fayil ta gwada shi da layukan nan daga sama zuwa ƙasa, layin da ya fara dacewa da shi, shi ya yanke hukunci, ba ta ko duban sauran. Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. Fayilin kuwa da bai dace da kowane layi ba, shigar da shi ake yi, shi ya sa ba a barin layin nan na ƙarshe.

Mu ɗauka wani ya ga layin sirri ya fi kyau a ƙasa, ya mayar da shi na shida. Kalmomin ba su sake ba, ko baƙi guda bai ɓata ba. Amma da rsync ta iso jakar sirri, layin da ke buɗe dukan jakunkuna ne zai fara tarar ta, ya ce ta shiga. Da ta shiga ta ga murya, layin murya ya ce a kwasa. Kafin a iso layin hani, kaya sun riga sun ƙetare. Mu 'yan jarida bai kamata wannan ya zama baƙon abu gare mu ba, tun da kullum mu ke gaya wa sababbin wakilai cewa abin da ya fi muhimmanci a sakin layi na farko ake sa shi.

Akwai kuma tarko a ɗaya gefen. In aka cire layi na uku, sai a ga aiki ya ƙare nan da nan, ba ƙorafi, alhali ba a kwashe kome ba sai abin da ke bakin ƙofa. Dalili kuwa, layin ƙarshe ya kori jakunkunan kansu, rsync kuma ba ta leƙa cikin jakar da aka kora. Wanda aka tsayar a zaure ba ya sanin abin da ke tsakar gida. Ko da ka rubuta sunan fayil ƙarara ka ce a shigar da shi, muddin an hana shiga jakar da ya ke ciki, ba za a iske shi ba.

Wani abin lura shi ne, rariyar nan ba ta san kusan daidai ba. Babban baƙi da ƙaramin baƙi daban su ke a wurinta. Kyamarori da yawa da manyan baƙaƙe su ke rubuta ƙarshen sunan hoto, wato JPG, don haka layin da ya ce jpg da ƙananan baƙaƙe zai bar hotunan mai ɗaukar hoto kaf a waje. Sai a ƙara masa layi na biyu, ko a rubuta shi haka: *.[jJ][pP][gG]. Mu masu rubutu da Hausa muna da namu ƙarin. In ka sa wa jaka suna ɓoye da ɓa mai lanƙwasa, ka zo ka rubuta boye a rariya, to ba ka hana kome ba, domin sunaye biyu ne ba su haɗa dangi ba a idon na'ura.

Daga nan sai babbar tambaya, wadda na fi daɗewa ina juyawa a rai. Hanya biyu ce ta tsaron ƙofa. Ko dai a hana kowa sai wanda aka kira sunansa, kamar walimar da ake shiga da kati, ko kuwa a bar kowa sai wanda aka hana, kamar kasuwa. Kowace tana da inda ta ke yoyo. Ta farko takan bar baƙon kirki a waje ba tare da ta faɗa ba. Saƙon murya na WhatsApp, alal misali, a wayoyin Android da opus sunansa ya ke ƙarewa, ba mp3 ba, saboda haka rariyar da na nuna a sama za ta yi shekara tana barinsa a baya in ba a ƙara masa layi ba. Ta biyu kuwa takan shigar da abin da ba ka tuna ka hana ba.

Abin da na tsaya a kai shi ne a tambayi wace hasara ce ta fi ciwo. In wurin da za a kai kaya na jama'a ne, kamar rumbun ofis, to a hana kowa sai wanda aka kira. Hoton da aka manta a waje gobe a kai shi, amma muryar majiya in ta fita, zarar bunu ce. In kuwa ajiyar kariya ce mutum ya ke yi wa kansa a faifan da ya ke kullewa, domin ranar da kwamfuta za ta mutu ko a sace ta, to a bar kowa ya shiga, a kori tarkace kaɗai. A can abin tsoro shi ne a wayi gari a nemi hirar da aka yi da dattijon da ya riga mu gidan gaskiya, a tarar rariya ta zubar da ita tun bara. Rariya guda ba ta yin aikin nan biyu, kamar yadda ta tankaɗen garin tuwo ba ta yin na garin ɗanwake in ana son laushi.

Sai maganar gogewa, inda ya kamata hannu ya yi sanyi. Akwai umurnin da ake ƙarawa, --delete, mai sa a goge duk abin da ke rumbu wanda babu shi a jakar wakili, don wuraren biyu su zama kamar an tsaga kara. Amfaninsa a fili ya ke, haɗarinsa ma haka: abin da aka goge bisa kuskure da rana, da yamma za a bi shi a goge a rumbu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba kuma, fayilin da rariya ta ce a bari a waje, wannan umurni ba ya taɓa shi a can. Wato in jakar sirri ta riga ta isa rumbu jiya, ka zo yau ka rubuta layin hani, ba ka dawo da kome ba. Tana nan zaune, har ma layin naka ya zama garkuwarta. Sai dai a je a cire ta da hannu, ko a yi aiki da --delete-excluded, wanda shi kuma zai share duk abin da rariya ta kora, ba sani ba sabo.

Don haka ba na barin a saki sabuwar rariya sai an yi gwajin bushe, wato a ƙara -n da -v. Da su rsync za ta jero sunan duk abin da za ta kwasa da wanda za ta goge, ba tare da ta taɓa ko guda ba. Nakan karanta jerin nan kamar yadda na ke karanta shafin farko kafin a kai shi maɗaba'a, ina neman abu biyu: sunan da bai kamata in gani ba, da sunan da ya kamata in gani ban gani ba. Na biyun ya fi wuyar kamawa, domin ido ba ya tuntuɓe da abin da babu.

Kada kuma wanda ya ƙware a wannan manhaja ya ɗauka kowane gari al'adarsa ɗaya. A fayilin .gitignore na manhajar Git, wadda Linus Torvalds ya ƙago a 2005, layin da ya dace daga ƙarshe shi ke da iko, kishiyar abin da muka faɗa. A rclone kuwa, wadda ake kai kaya ma'ajiyar intanet irin su Google Drive da ita, da zarar ka ce --include to ta ɗauka duk saura a waje su ke, ko ba ka faɗa ba. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, nemi taka ka ɗaura, amma ka fara tambayar yadda ake ɗaura ta.

Na san wani zai ce wannan aikin injiniyoyi ne, ina ruwan ɗan jarida. Ni kuwa ina ganin injiniya ya san na'ura, amma bai san wace murya ce aka ɗauka bisa alkawari ba. Wanda ya yi alkawarin shi kaɗai ya sani. Tun 2023 Nijeriya ta ke da dokar kare bayanan mutane, amma kafin doka akwai amana, ita kuwa ba a wakilta wani ya riƙe maka. Ƙaramin ma'aikacin da ya yi mana magana yana da iyali, yana da albashin da ya ke tsoron rasawa, bai kuma san ana wani abu wai shi rsync ba. Abin da ya sani kawai shi ne ya dubi idon ɗan jarida ya yarda da shi.

Shawarata ga abokan aiki ita ce, kowa ya ware jaka guda ta sirri tun yau, ya nemi a nuna masa rariyar da ake tace kayansa da ita, ya karanta ta daga sama zuwa ƙasa, ya tabbata layin hani shi ne na farko. Layuka bakwai ne, ba su kai tsawon labarin ta'aziyya ba. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.