Keken da ba a kai wa mai walda

Keken da muka tashi muka tarar a ƙasar Mayahi da Tasawa na ƙarfe ne: Raleigh na iyayenmu, daga baya Phoenix ɗan ƙasar Sin. In fentinsa ya ɓare ba mai damuwa, in ya karye mai walda yana nan. Wannan sabon ne ke neman cutar da mu yanzu da kekunan tsere na gwanjo ke shigowa Maraɗi, domin wasunsu babu ƙarfe a gangar jikinsu. Zaren kabon ne, wanda bai kai gashin kai kauri ba, an shimfiɗa shi hawa-hawa, an dafe shi da wani irin ƙaro mai suna epoxy. A kan irinsa Greg LeMond ya ci tseren zagayen Faransa a 1986. Abin da Turai ta gama yayinsa shi ke isowa gare mu, da tsufansa.

Nawa ya fara saɓa ne bayan wani hutu a Attantane, inda yashi ya hana siririyar tayarsa tafiya, ya yi kwanaki jingine a tsakar gida. Rufin nan mai ƙyalli da ke kan fenti, wanda nake koya wa ɗalibai sunansa vernis, ya riƙa tashi kamar fatar albasa. Wani mai gyara, da kyakkyawar niyya, ya ce a kankare shi da wuƙa, a ɗan nuna masa wuta, a sake fesawa. Na ƙi. Ga ƙarfe maganarsa daidai ce. A nan kuwa wuta tana sassauta ƙaron, wuƙa tana yanke zaren, maganin cire fenti yana cin abin da ke riƙe da keken gaba ɗaya. Barinsa haka nan ma ba mafita ba ne, saboda hasken rana yana dafa ƙaron da ya rasa rufi har ya yi rauni, ranarmu ta Afrilu kuwa ba ta wasa ba ce.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: fata ce kaɗai ta saɓe, ko ƙashi ya tsage? Iyayenmu mata sun riga mu sanin hanyar ganewa. Yadda suke ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa kafin su biya, haka na bi gangar keken da dala, ina saurare. Wuri mai lafiya amonsa garau yake, inda zare ya rabu kuwa amon a dushe yake fita. Nawa ya amsa garau ko'ina.

Sauran aikin haƙuri ne. Na jiƙa takardar guga mafi laushi, na lallashe bakin saɓar ba tare da na taɓa baƙin zaren ba, na goge da alkol, na shafa rufi siriri sau uku, ina jira kowane ya bushe a ɗakin da ƙurar hunturu ba ta shiga. Ƙananan tabo kuwa man farce marar launi ya ishe su.

Malaman da ɗalibansu ke tara kuɗi don irin wannan keke su gaya musu abu ɗaya: in amon ya dushe kusa da wuya ko ƙafar gaba, kada a hau. Ƙarfe yakan lanƙwashe ya yi gargaɗi, kabon karyewa yake yi farat ɗaya, galibi a ramin hanya, mahayi yana tsaka da gudu.